Falon Hutawa a Filin Jirgi: Yaushe Ya Kamata Ka Biya Ka Shiga?

Duk wanda ya taɓa yada zango a Addis Ababa ko Doha ko Alƙahira ya san ƙofar. Yawanci tana hawa na sama, sai ka bi matakala ko lifta, an rubuta Lounge a allo, ga ma'aikaciya a bayan kanta tana duba takardun masu shiga. Wani ta yi masa murmushi ya wuce, wani ta girgiza masa kai ya juyo yana gyara hula. Sauran jama'a suna ƙasa a kan kujerun ƙarfe, mutum biyar sun kafa wa soket ɗaya ido suna jiran mai caji ya zare wayarsa.

Shin wurin nan ya kai kuɗinsa? A ganina agogo ne alƙali. In jiranka awa 1 ne ko 2, riƙe kuɗinka. In ya kai awa 4 zuwa 7, musamman a tsakiyar doguwar tafiya, sau da yawa biyan ya fi rashinsa. In kuwa ya zarce awa 8, gado kake buƙata, kuma yawancin falukan nan ba su da gadon da za su ba ka.

Sai dai a kula da yadda ake ƙirga awannin. Abin da aka rubuta a tikiti daban, abin da za ka zauna a falo daban. A ce tikiti ya nuna zango na awa 3. Kafin a buɗe ƙofar jirgi, ku sauko, wataƙila ku hau bas, ku bi layin bincike na masu yada zango, an ci minti 40 ko fiye. A ɗaya gefen kuma, jirage masu dogon zango kan fara ɗibar fasinja kamar minti 45 zuwa awa 1 kafin tashi, ga tafiyar ƙasa zuwa ƙofa. Abin da ya rage maka bai fi awa 1 da 'yan mintoci ba. Wanda ya biya dala 40 don wannan, shayi ya saya da tsada.

Abin da ke bayan ƙofar

Mutane da yawa suna zaton wata aljannar duniya ce. A'a. Falo na tsaka-tsaki kujeru ne masu laushi, da soket kusan a gefen kowace kujera, da intanet, da teburin abinci na ɗauki-da-kanka, da injin shayi da gahawa, da firjin lemo da ruwa, da banɗaki mai tsafta wanda ba a yi masa dogon layi. Wasu suna da wurin wanka, wasu da ɗakin salla, wasu da lungun yara. Sai kuma shiru, in an yi sa'a.

Amma tazarar da ke tsakanin falo da falo tana da faɗi ƙwarai. Falon Al Mourjan na kamfanin Qatar Airways a filin Hamad na Doha, ko falon Turkish Airlines a sabon filin Istanbul da aka koma cikinsa a 2019, wurare ne manya masu masu dafa abinci a tsaye. Akwai kuma falon da za ka shiga ka tarar ɗaki ne guda, ba taga, da biskit a faranti da miyar da ta kwana a kan wuta. Dukkansu sunansu ɗaya a allo. Saboda haka kada ka yi sayen kifi a ruwa. Ka ce wa mai kanta kana so ka leƙa kafin ka biya. Yawancinsu ba sa hanawa. Ka duba abu uku da idonka: akwai kujerar da ba kowa, abincin da ke kan tebur na ci ne, kuma wurin wanka yana aiki.

Wataƙila ma kana da izinin shiga ba ka sani ba

Kafin batun biya, duba aljihunka. Asalin wuraren nan ba na sayarwa ba ne. Kamfanin American Airlines ne ya buɗe na farko a 1939 a filin LaGuardia na New York, kuma sai wanda kamfanin ya gayyata ke shiga. Har yau falukan kamfanonin jirage na nan a kan wannan turba: tikitin bizines ko na fes kilas shi ne mabuɗi, kuma shi ne hanya ta farko. Amma ko a nan akwai tarko. Emirates da Qatar Airways duk sun fito da tikitin bizines mai rangwame wanda ba ya haɗe da falo. In wakilin tafiye-tafiye ya kawo maka bizines da araha mai ban mamaki, tambaye shi ƙarara ko da falo a ciki.

Hanya ta biyu ita ce wadda 'yan kasuwarmu suka fi yin sakaci da ita. Mutum yana zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou ko Dubai shekara da shekaru a jirgin kamfani ɗaya, amma bai taɓa yin rajistar tara maki ba, alhali kyauta ce. Ethiopian Airlines na da ShebaMiles, Turkish Airlines na da Miles&Smiles, kowane babban kamfani da nasa. In makinka ya kai matakin zinare, za ka shiga falo ko da tikitin ikonomi ne a hannunka. Abin bai tsaya ga kamfani ɗaya ba, domin sun haɗa ƙawance. Ethiopian, EgyptAir, Turkish da Lufthansa duk suna cikin Star Alliance, kuma mai katin zinare na ɗayansu yana shiga falon sauran in zai tashi a jirgin ƙawancen, har ya shiga da baƙo ɗaya da suke jirgi guda. Qatar Airways, British Airways da Royal Air Maroc suna cikin oneworld. Saudia, Kenya Airways, Air France da KLM suna cikin SkyTeam. Emirates ba ya cikin ko ɗaya daga cikin ukun. Dabara a nan ita ce ka zaɓi kati ɗaya ka riƙa zuba makinka a kansa, maimakon ka warwatsa shi gida uku ba ka kai ko'ina ba. Ka kuma tabbatar wakilinka ya sa lambar katin a kowane tikiti, don wasunsu ba sa damuwa.

Hanya ta uku katin banki ce. Wasu manyan katunan Visa da Mastercard suna zuwa da izinin falo ta hanyar LoungeKey ko DragonPass ko Priority Pass. A nan ne mutane suka fi cin karo da abin haushi. Katin yana iya buɗe maka ƙofa, ma'aikaciya ta goga shi ta ce bismilla, ka ci ka sha kana ganin kyauta ce, sai bayan ka dawo gida ka ga an zare daloli daga asusunka. Izinin shiga daban, shiga kyauta daban. Kafin tafiya je bankinka ka tambayi sau nawa a shekara aka ba ka kyauta, nawa ake cira in ka wuce haka, kuma nawa ne kuɗin baƙo. In ma'aikacin ya fara kame-kame, ya nuna maka a rubuce.

Ta huɗu ita ce sayen katin shekara. Priority Pass, wanda aka kafa a 1992, shi ya fi shahara, yana da faluka sama da 1,000 a duniya. A farashinsa na dala a 2024, ƙaramin mataki dala 99 ne a shekara, sannan kowace shiga ka biya dala 35. Na tsakiya dala 329 da shiga 10 kyauta. Babba dala 469, shiga ba iyaka. Ɗauki biro. Mai shiga sau 3 a shekara da ƙaramin kati ya kashe dala 204, wato dala 68 kowace shiga, alhali da ya je ƙofa ya biya kai tsaye, yawancin faluka tsakanin dala 30 ne zuwa 60. Katin tsakiya ba ya fara fin ƙaramin riba sai ka kai shiga 7, babban kuma sai ka wuce 14. Mai zuwa Umara sau ɗaya a shekara ba shi da abin yi da wannan kati. Ɗan kasuwar da ke yada zango kowane wata, tafi da dawowa, shi ne ya kamata ya duba.

Ta ƙarshe ita ce biya a ƙofa, wadda kamfanin Plaza Premium ya yi fice da ita tun 1998 da ya buɗe a Hong Kong da Kuala Lumpur. A Dubai akwai Marhaba, a Doha akwai Al Maha, a Istanbul akwai falon iGA. Sau da yawa saye ta intanet kwana ɗaya kafin tafiya ya fi araha. Ka lura kuma yawanci kuɗin na awa 2 ne ko 3 ko 4, ba na yini ba. Sannan ka gwada katinka kafin ka bar gida, domin bankunan Najeriya sukan sa iyaka kan abin da katin naira zai kashe a waje, wasu falukan kuma ba sa karɓar tsabar kuɗi.

Lissafin ciki da lissafin jiki

Irin hirar da za ka ji a zauren jira da tsakar dare ke nan, tsakanin wani dattijon ɗan kasuwa da yaronsa:

"Alhaji, ai da mun hau sama mun ɗan miƙe ƙafa. An ce akwai abinci."

"Nawa ne?"

"Dala 40 kowane mutum."

Alhaji ya zaro waya ya buga lissafi da canjin ranar, ya dubi yaron ta saman tabarau. "Kai, abincin me za mu ci na dubu ɗari da wani abu? Buɗe jakar nan, akwai dabino da cincin."

Ta fuskar ciki, Alhaji ya yi gaskiya. Da wuya mutum ya ci abincin dala 40 a falo. Farantin abinci da ruwa da shayi a gidan abinci na filin jirgi, duk tsadarsa, yawanci bai kai haka ba. Ga shi kuma jirgin da za ka hau zai ba ka abinci bayan tashi da kamar awa 1, wanda ka riga ka biya kuɗinsa a cikin tikiti. Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: kaso mai tsoka na abin da Bature ke morewa a falo giya ce ta kyauta. Da ita yake fanshe kuɗinsa. Wanda ba ya sha ya biya kuɗi ɗaya da mai sha, ya tashi da lemo. A Jidda da Madina babu wannan batu, domin ba a ajiye ta. A Doha, Dubai, Istanbul da Alƙahira abincin halal ne, hankali kwance. Amma a Turai ko Sin, teburin safe yakan cika da naman alade iri-iri, sai ka ƙare da burodi, ƙwai, 'ya'yan itace da yogot. Ka tambayi ma'aikaci, kada ka yi hukunci da ido. Miya da ake gani ta ganye ce tana iya zama da romon da ba ka so.

Mai azumi kuma da zangonsa ya faɗo da rana, misali mai tafiya Umarar watan Ramadan da ya zaɓi ya riƙe azuminsa, ya cire abinci daga lissafi gaba ɗaya. Amma in shan ruwa ko sahur zai same shi a filin, falo na da daɗi: ka zauna a natse, ga ruwan zafi, ga dabino a yawancin falukan ƙasashen Larabawa.

Inda Alhaji bai duba ba shi ne jiki. Mutumin da ya baro gida tun hantsi, ya sha zafin hanya da layin awon kaya, ya yi awa 5 a jirgi, kuma yana da wasu awa 10 a gaba zuwa Guangzhou, abin da ya fi buƙata ruwa ne a jikinsa. Wanka shi ne abu guda da falo ke da shi wanda da wuya ka samu a ƙasa. A wurina, shi kaɗai ya isa ya sa a biya.

Yadda abin yake: da ka shiga, kafin ka kalli abinci, je kanta ka ce a sa sunanka a layin wanka. A manyan filaye jirage kan sauka a tare, su tashi a tare, don haka ɗakunan wanka huɗu ko biyar na iya samun mutum ashirin a layi. Wasu wuraren za su karɓi takardar shiga jirginka su ba ka wata 'yar na'ura da za ta yi ƙara in layi ya zo kanka. Ka ci abincinka kana jira. A ciki za ka tarar da tawul a naɗe cikin leda, da sabulun ruwa a manne a bango, wani lokaci da buroshi da man goge baki. Minti 20 zuwa 30 ake ba mutum. Abin da ba za su ba ka ba shi ne kayan canji, don haka singileti da gajeren wando da safa su kasance a jakar hannu. Wanda ya yi wanka ya mayar da rigar da ya yi gumi a ciki, rabin kuɗinsa ya tafi. Ka tambaya tun a ƙofa ko wankan na cikin kuɗin shiga, domin wasu na cajinsa daban.

Ga mai zuwa Umara wannan batu ya fi haka nauyi. Jirgin da zai sauka Jidda yana ratsa miƙati ne a sama: mai tahowa daga Alƙahira ta wajen Juhfa, mai tahowa daga Addis Ababa ta wajen Yalamlam, mai tahowa daga Doha ko Dubai ta wajen Ƙarnul Manazil. Ke nan sai an ɗaura harami kafin a sauka. Duk wanda ya taɓa gwada ɗaura zanen harami a banɗakin jirgi, inda ko juyawa da ƙyar ake yi, ga ƙasa a jiƙe, ga mutane na ƙwanƙwasa ƙofa, ya san wahalar. Ɗakin wanka na falo a wurin yada zango yana warware wannan: ka yi wankanka, ka ɗaura zani a tsanake, ka gyara belet, ka yi nafila, sannan niyya ta jira sai an zo saitin miƙati. Sharaɗin dai shi ne haramin da silifa su kasance a jakar hannu. Sau da yawa za ka ga bawan Allah yana sintiri a Addis, haraminsa na cikin akwatin da aka wuce da shi cikin jirgi. Wanda zai fara sauka Madina ba shi da wannan damuwa, domin a Zulhulaifa zai ɗaura. Alhazan da ke tafiya a jirgin hukumar alhazai kuwa, daga sansani ake ɗibarsu zuwa jirgi, batun falo bai taso ba.

Salla kanta ba dalilin biya ba ce. Filayen Doha, Dubai, Istanbul, Alƙahira da Jidda duk suna da masallatai da wurin alwala kyauta, na maza da na mata. Doha ma na da ɗakunan shiru masu kujerun kishingiɗa, ba ko sisi. A Turai akwai ɗakunan ibada a manyan filaye kamar Heathrow da Frankfurt, sai dai banɗakinsu ba ruwan tsarki. Ka riƙe gorar ruwa wadda ba komai a ciki. Za ta wuce wurin bincike tunda dokar mililita 100 ruwan ta shafa, ba gorar ba. Ka cika ta a ciki, ta zama buta.

Tashi daga gida

In daga Kano ko Abuja ko Yamai za ka tashi, falo ba ya cika amfani. Yanzu ka baro gida, ka yi wanka, uwargida ta cika ka da abinci, wayarka cike da caji. Bayan awon kaya da jami'an shige da fice da bincike, da wuya ya rage maka fiye da awa 1. Me za ka saya?

Sai fa in an samu jinkiri. A jiragen cikin gida tashin ƙarfe 2 kan koma 6, musamman lokacin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu da hazo ke hana jirage sauka a arewa. Zauren jira ya cika, wuri ya ɗau zafi, ba kujera. A irin wannan rana falon da ake biya da naira yana iya ceton mai aikin da zai yi a kwamfuta, ko dattijo, ko mai juna biyu. Amma kada ka biya tun da farko, bari sai an sanar da jinkirin kuma ka ji tsawonsa. Kada kuma falo ya mantar da kai haƙƙinka: dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, sun wajabta wa kamfani ya ba fasinjan cikin gida abin taɓawa in jinkiri ya kai awa 2. A Turai ma doka mai lamba 261 ta 2004 ta sa kamfani ya ciyar da fasinja in jinkiri ya yi tsawo. Je kantar kamfanin ka tambaya kafin ka taɓa aljihunka.

A bambance kuma tsakanin falon kuɗi da falon manyan baƙi na gwamnati, wanda ake shiga da muƙami. In wani ya tare ka a zaure ya ce kawo wani abu ya shigar da kai ta bayan fage, ba rasit, ka ce masa ka gode.

Mai iyali, da mai dogon zango

Ana biya ne da kai. Miji da mata da yara uku, a dala 35 kowanne, dala 175 ke nan. Yawancin faluka suna yafe wa yaron da bai kai shekara 2 ba, wasu na rage wa yara, amma duk da haka kuɗin ya isa a ci abinci mai kyau a gidan abinci har a yi tsaraba. Yara kuma ba su san shiru ba. Za ka ƙare kana bin su kana ba mutane haƙuri. Abin da na fi gani da ma'ana shi ne, in akwai tsohuwa ko mai jego a tafiyar, a biya mata ita da mai kula da ita, sauran su zauna a ƙasa.

In zango ya kai awa 8 ko fiye, kafin ka yi tunanin falo tambayi kamfanin jirgin ko kana da haƙƙin otal. Ethiopian Airlines yana ba da ɗaki da abinci a Addis Ababa ga mai zangon awa 8 zuwa 24 in babu jirgin da ya fi kusa. Turkish Airlines da Emirates su ma suna da irin wannan tsari da nasu sharuɗɗan, Turkish har yana da yawon buɗe ido kyauta a cikin Istanbul ga masu dogon zango. A yi wannan tambaya tun wurin sayen tikiti, a haɗa da batun biza, domin fita gari da koren fasfo ba ko'ina yake da sauƙi ba. In fita ba za ta yiwu ba, akwai otal a cikin filin kansa: Oryx a Doha, YOTELAIR a Istanbul, Skylight a Addis. Sun fi falo tsada, amma akwai ƙofa da makulli da gado. A falo kuwa, in ka miƙe a kan doguwar kujera, ma'aikaci zai zo cikin ladabi ya ce ka tashi zaune, kuma in awanninka sun cika ka sake biya ko ka fita.

In ka yanke shawarar shiga, ka fara gano ƙofar da jirginka zai tashi, sannan ka nemi falon da ke kusa da ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Dubai, tasha ta 2 tana can ɗaya gefen filin, nesa da ta 1 da ta 3. A Turai akwai ɓangaren jiragen ƙasashen yankin Schengen da na waɗanda ba Schengen ba, da jami'an fasfo a tsakani, kuma falon da ke wancan gefe ba naka ba ne ko da ka biya ta intanet. Masu katin Priority Pass da ire-irensa su san cewa in falo ya cika ana iya dakatar da su a ƙofa, domin fasinjojin kamfanonin jirage ne a gaba. Takardar shiga jirgi ta wannan rana dole ce, wasu kuma sai da fasfo.

A ciki, zaɓi kujera kusa da soket kuma inda kake hango allon tashin jirage. Soket ɗin yawancin ƙasashen Turai da na Habasha mai ƙafa biyu ne zagayayyu, ba irin namu mai ƙafa uku ba, don haka adafta ta kasance a jaka. Fasfo da kuɗi kada su rabu da jikinka, ko da banɗaki za ka. Kasancewar wuri na masu hali bai hana ɗauke-ɗauke ba. Harkar banki kuma ka bar ta sai a layin wayarka, ba a intanet ɗin jama'a ba. Ka ci ka ƙoshi, amma kada ka cika jaka da lemo da biskit. Ana gani, kuma wasu wuraren suna magana.

Babban haɗarin falo shi ne daɗinsa. Yawancinsu ba sa kiran jirgi da lasifika, kuma ba mai zuwa ya tashe ka. Ka saita ƙararrawar waya, bayan ka tabbatar agogon ya koma lokacin garin: Addis Ababa, Doha, Jidda da Istanbul suna gaban Najeriya da Nijar da awa 2, Dubai da awa 3. Lokacin da za ka kalla a takardarka shi ne na fara shiga jirgi, ba na tashi ba, domin ana rufe ƙofa minti 15 zuwa 20 kafin tashi. A Istanbul ko Dubai tafiya daga falo zuwa ƙofa kan ci minti 20, a Doha har da ɗan jirgin ƙasa a cikin ginin, wasu ƙofofin kuma akwai wani binciken a bakinsu. Ka sake duba allo kafin ka fita, don ana canza ƙofa ba tare da an sanar da kowa ba. Ka tashi minti 20 kafin lokacin fara shiga, in da tsoho ko yara a tare da kai ka mayar da shi 30.